JARUMIN DA BA YA KAMA MARAR LAIFI: Tsokaci Kan Littafin Batman Na Frank Miller



Na san da ganin kan wannan rubutu wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska? Mutumin da aka sani da littattafan soyayya da na kishiya, yau kuma ina ruwansa da labarin Turawa na wani mai shigar jemage? Ku yi haƙuri ku saurare ni, don maganar ta fi kusa da ƙofar gidanmu fiye da yadda ake zato.

Abu biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko, wani ɗan yayana da ke karatu a Dutse ya zo hutu nan Auyo da wani littafin labari cikin zane a wayarsa, irin wanda yara ke kira komik, yana ta kurara shi wai duk duniya ba a taɓa yin kamarsa ba. Turancina na sakandare ne, saboda haka tare muka bi shi dare-dare bayan isha'i, inda ya cije ya warware mini. Na biyu, ba a yi wata guda ba wani matashin marubuci ya aiko mini da littafinsa in duba masa. Jarumin nasa yana ɗaura baƙin ƙyalle a fuska, ya bi dare yana yanka ɓarayi da masu fyaɗe, gari ya waye mutane na sa masa albarka. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Yaya, ai yanzu shi ake yayi." To tunda yayi ya zo, gara mu san daga ina ya taso, kuma me ke cikinsa.

Matsayina shi ne, littafin nan aikin gwani ne, ban yi masa hassada ba. Amma akwai ha'inci guda a tsakiyarsa, kuma abin takaici wannan ha'incin shi yaranmu ke kwafa, su bar gwanintar.

Ga wanda bai san dawan garin ba, Batman tauraron labari ne da Bob Kane da Bill Finger suka ƙirƙira a Amurka a 1939. Sunansa na yanka Bruce Wayne, ɗan attajirai ne da ɗan fashi ya harbe uwarsa da ubansa a kan idonsa yana yaro, sai ya yi rantsuwar yaƙar masu laifi a birninsu Gotham. Ba ya tashi sama, ba shi da wani asiri. Kuɗi ne da horo da dabara, sai kuma fushi. Littafin da nake magana a kai sunansa The Dark Knight Returns, wato dawowar barden duhu, kamfanin DC Comics ya fitar da shi kashi huɗu a 1986. Frank Miller ya tsara labarin ya kuma zana, Klaus Janson ya bi zanen da tawada, Lynn Varley ta sa launi.

Kafin wannan lokaci jaruman irin waɗannan littattafai fes suke, kamar an wanke su da sabulu. Yayyenmu da suka yi makaranta a birane sukan ba da labarin Powerman, wani jarumi baƙar fata da aka riƙa zanawa a Ingila domin kasuwar Nijeriya daga 1975 zuwa 1977. Masu zanen su ne Dave Gibbons da Brian Bolland. Abin mamaki, Gibbons ɗin nan shi ya zo ya zana Watchmen a 1986, Bolland kuma ya zana The Killing Joke a 1988, kuma waɗannan biyun tare da littafin Miller su ake lissafawa a matsayin waɗanda suka shigo da duhu cikin wannan fage. Wato hannayen da suka zana mana jarumi mai farar zuciya su ne suka koma gida suka zana masu ciwo a zuci. Daga nan kowa ya kama, har finafinai. Wanda ya kalli Batman v Superman na 2016 ya ga guntun littafin Miller ko bai sani ba.

Labarin a taƙaice ga shi. Bruce Wayne ya kai shekara 55, ya yi shekara goma da ajiye rigar jemage, ya koma shan giya da tseren mota. Gari ya lalace, wasu 'yan daba da ake kira Mutants sun addabi kowa. Tsoho ya kasa daurewa, ya sake ɗaukar riga. Wata yarinya 'yar shekara 13, Carrie Kelley, ta liƙe masa ta zama mataimakiyarsa. Ya karya shugaban 'yan dabar a cikin taɓo a gaban yaransa, ya yi karon ƙarshe da tsohon abokin gabarsa Joker, sannan gwamnatin Amurka ta turo Superman ya kama shi. A ƙarshe ya yi mutuwar ƙarya, ya shige ƙarƙashin ƙasa yana horar da rundunarsa.

Bari in fara da yabo, don ko maƙiyinka ne in ya yi rawa da kyau ka yaba.

Abu na farko da ya burge ni shi ne jarumin nan yana jin jiki. Numfashinsa na sarƙewa in ya hau igiya, ƙasusuwansa na ciwo, kuma karonsa na farko da shugaban 'yan daba dukan kawo wuƙa ya sha, ba don yarinyar nan ba da an gama da shi. Ku kwatanta da littattafan yaƙi da muka taso muna haya a wurin masu shago, inda sadauki zai sare dakaru dubu da sara ɗaya, ko rawaninsa bai karkace ba, ya dawo ya tarar da gimbiya na jiransa. Mu mun saba rubuta faɗa kamar wasan sallah. Miller ya rubuta shi da tsami da kumburi, kuma wannan darasi ne gare mu.

Na biyu, littafin bai ɓoye cewa mutumin nan ba shi da cikakkiyar lafiya ba. Akwai wani Harvey Dent da rabin fuskarsa ya ƙone, likitoci suka gyara masa ita sumul, aka ce ya warke. Ashe a zuciyarsa gani yake duk fuskar ce ta lalace. Da Batman ya kama shi ya dube shi, sai ya gane kansa yake kallo kamar a madubi. Ina ganin wurin nan ya fi duk faɗace-faɗacen littafin daraja, don ya nuna mai farautar dodo shi ma akwai dodo a cikinsa.

Na uku, yadda ya cika shafuka da 'yan ƙananan akwatunan talabijin, mutane na ta musu, wannan ya ce Batman gwarzo ne, wancan ya ce mai laifi ne. Wanda ya saba sauraren shirye-shiryen rediyo da ake buga waya, ko yake leƙa Facebook idan wani abu ya faru, zai rantse mu aka zana. An yi gawa, kowa na neman inda zai jingina ra'ayinsa da ita.

Na huɗu, kuma wanda ya fi muhimmanci, shi ne abin da ya biyo bayan karya shugaban 'yan daba. Wasu daga cikin yaran suka shafa hoton jemage a fuska suka ce su 'ya'yan Batman ne, yanzu su ma masu laifi za su yaƙa. Hali bai canza ba, suna kawai aka sauya. Har akwai inda ɗayansu ya kashe 'yan fashin da suka shiga wani shago, sannan ya juya ya datse yatsun mai tsaron shagon don wai bai yi turjiya ba. Duk wanda ya ga ɗan daba ya kwana ya tashi ɗan sintiri ya san wannan ba ƙarya ba ce.

Da Miller ya tsaya kan wannan gaskiya ya bi ta har ƙarshe, da ban ce komai ba sai sambarka. Amma bai yi ba.

Na bi littafin nan daga bango zuwa bango ina neman wuri ɗaya tak inda Batman ya kama wanda bai ji ba bai gani ba. Babu. Duk wanda ya karya wa ƙafa mai laifi ne. Duk wanda ya rataye daga saman bene don ya yi magana, yana da abin faɗa. Ba ya kuskuren gida, ba ya kuskuren fuska, ba a taɓa kai masa tsegumin ƙarya ya hau ba. To ina tambaya, wane ɗan Adam ne haka? Marubucin ne ya tsaya a bayansa yana riƙe masa fitila, yana nuna masa mai laifi tun kafin ya kai hannu. Mai karatu kuma sai ya fita da tunanin cewa matsalar duniya ita ce rashin mai ƙarfin halin duka, alhali babbar matsalar ita ce sanin wa ya cancanci dukan. Don haka ne aka yi alƙali da shaidu da rantsuwa. Malamanmu sun karantar da mu cewa zartar da haddi aikin shugaba ne da alƙalinsa, kuma shakka na kawar da shi. Littafin nan ya cire shakka daga duniya gaba ɗaya, sannan ya ce mu zo mu ga yadda aiki ke tafiya sarai ba tare da kotu ba.

Ku duba kuma yadda ya yi da masu sukar jarumin nasa. Likitan ƙwaƙwalwa da ke cewa Batman ne ke haifar da masu laifi an zana shi sakarai mai son a gan shi a talabijin, kuma Joker ɗin da yake karewa shi ya yi sanadin mutuwarsa a bainar jama'a. Magajin gari matsoraci ne, ya je sulhu da shugaban 'yan daba a ɗakin da ake tsare da shi, aka yaga masa maƙogwaro. Iyayen yarinyar nan 'yan shaye-shaye ne da ba su san ma ta fita ba. Sabuwar kwamishinar 'yan sanda, Ellen Yindel, ita kaɗai ce mai hankali a cikin masu adawa, ta ba da sammacin kama shi bisa doka, amma ita ma daga baya sai aka sa ta sauke kai ta yarda cewa mutumin ya fi ƙarfin a auna shi. Wannan dambe ne da aka ɗaure wa abokin karawa hannu. Mu marubuta mun san dabarar sarai, don haka muke yi wa kishiya a littattafanmu: mu ba ta baƙar fuska da baƙin hali da boka, don kada mai karatu ya ji tausayinta ranar da za mu haukatar da ita.

Su kuwa 'yan dabar, ba a nuna mana uwar ko ɗaya daga cikinsu ba, ba a nuna yunwa ko makarantar da ta kore su ba. Tabarau ne a ido da wuƙa a hannu, shugabansu da fiƙaƙƙun haƙora kamar kura. Idan ka zana mutum haka ka riga ka halatta jininsa. Kuma waɗancan yara masu datse yatsu, ina aka kai su? Da makamin nukiliyar Rasha ya fashe wuta ta ɗauke, Batman ya hau doki ya tattara su, ya hana su bindiga, suka kwantar da tarzoma, Gotham ta zama birni mafi zaman lafiya a ƙasar. Shi ke nan, an wanke su. Mai shago da dungulminsa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Littafin ya rufe da wani mutum ɗaya a cikin kogo yana horar da mayaƙan da ba mai tambayarsu sai shi, kuma an so mu yi murna.

Wataƙila da ni mutumin wani gari ne da na yi murnar. Amma ni ɗan Auyo ne, kuma mu a nan muna da namu labarin gwarzo mai duhu. Kowa a ƙasar Haɗejiya ya san Sarki Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau a 1848, ya ƙi bin umarnin Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, ya dawo ya ƙwace garinsa, ya fatattaki rundunar da aka haɗo masa a Gamon Kafur, nan cikin ƙasarmu, ya ci gaba da mulki har ya rasu a fagen yaƙi a Gogaram a 1863. Jarumtakarsa ba abin musu ba ce, ni ma in ana ba da labarin tsigar jikina tashi take. Sai dai mafarin rigimarsa da Sakkwato shi ne kisan ɗan'uwansa Nalara, Sarkin Auyo. Idan masu ba da labari suka zo wurin nan da sauri suke wucewa, numfashi ɗaya, don su isa wurin dawaki da ƙura. Ban kawo wannan don in yi wa magabata shari'a ba, Allah Ya gafarta musu baki ɗaya. Na kawo ne don in ce wanda ya tashi a garin da aka yi gawar ya kan koyi wata tambaya da sauran masu sauraro ba sa yi: shi wanda aka taka aka wuce fa, ina nasa labarin?

Na san abin da za a ce mini, don ɗan yayan nawa ya riga ya faɗa. Zai ce, Baba, in hukuma ta gaza fa? Mutum ya naɗe hannu a yanka shi? Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi mata dariya ba. A 2013 matasan Maiduguri da ake kira 'yan kato da gora sun tashi da sanduna suka taimaka aka kori Boko Haram daga unguwanninsu, kuma ba mai hankalin da zai raina abin da suka yi. Manomin da aka cinye wa shinkafa a fadama cikin dare, ya kai ƙara aka yi ta ɗaga shari'a har damina ta sake zagayowa, na san abin da ke tafasa a ƙirjinsa. Littafin Miller ya yi farin jini ne don ya taɓo wannan ƙaiƙayi, kuma ƙaiƙayin gaskiya ne.

Amma a duba ɗaya gefen. A Zamfara, da yawa daga waɗanda suka bi diddigin rikicin sun nuna yadda kashe-kashen da 'yan sa-kai suka riƙa yi a kasuwanni ba tare da shari'a ba suka ƙara wa wutar fetur, ramuwa ta haifi ramuwa. A ƙarshen watan Maris na 2025 kuma, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare wata mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da ke komawa Kano hutun sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Waɗanda suka yi wannan aiki ba su ɗauki kansu miyagu ba. A ransu garinsu suke karewa daga mutanen da hukuma ta kasa kamawa. Kowannensu Batman ne a wannan rana, sai dai babu Frank Miller a bayansu da zai tabbatar hannunsu ya sauka kan mai laifi. Mu da muka yi kukan Uromi, da wane baki za mu koma mu rubuta littafin da ke tafa wa mai yanke hukunci a bakin titi?

Shi kansa Miller ya nuna mana inda hanyar ke ɓullewa. A 2011 ya fitar da Holy Terror, labarin da tun farko ya tsara shi a matsayin Batman zai yaƙi Alƙa'ida, daga baya aka sauya jarumin. A can Musulmi ne suka maye gurbin 'yan daba marasa fuska, har a Amurka ma littafin ya sha suka kan ƙyamar Musulunci. Wanda ya ji daɗin dukan da aka yi wa Mutants ya sani cewa alƙalamin da ke zana mutane ba uwa ba uba, wata rana kansa zai juyo.

Kada a ce ina wa'azi daga kan tudu. Ni ma na taɓa yi. A wani tsohon littafina na sa saurayi ya bi wanda ya lalata ƙanwarsa ya kashe, na sa unguwa ta rufa masa asiri, littafin ya yi kasuwa har aka sake bugawa. Shekaru bayan haka a wata kasuwar ƙauye na ga an taru kan wani yaro ana duka wai ya saci waya. Kafin a ƙwace shi an fasa masa kai, daga baya aka tsinci wayar a cikin buhun mai ita. Ban ce littafina ya sa aka dake shi ba, watakila ba wanda ya taɓa karanta shi a wurin. Amma na tsaya ina kallon fuskokin masu dukan, na ga irin yaƙinin da na ba jarumina, na koma gida jikina a sanyaye.

Kuma kada wani ya ɗauki maganata ya kai wa masu almakashi. Ban manta 2007 ba, lokacin da aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Ba na goyon bayan a hana kowa karanta Batman, ni ma na karanta na ƙaru. Ba kuma cewa nake a daina rubuta duhu ba. Duniyarmu akwai fashi da fyaɗe da zalunci, marubucin da ya rufe ido ya yi ta rubuta fure da turare shi ma maƙaryaci ne.

Abin da na faɗa wa ƙanen nan nawa mai baƙin ƙyalle shi zan maimaita a nan. Ka bar jaruminka da fushinsa, ka bar shi ya fita da dare. Amma a babi na bakwai ko na takwas, ka sa ya yanka mutumin da aka yi wa ƙazafi. Ka kai mu gidan mamacin da safe, mu ga matarsa da 'ya'yansa da bashin da ya bari. Ka bar mai sukar jarumin ya zama dattijo mai hankali wanda maganarsa ke da ƙafa. Daga nan ka ci gaba da labarin in ka iya. In ka yi haka ka wuce Miller a wurin da ya ja da baya, kuma ka rubuta abin da ya yi kama da ƙasar da muke ciki. Ya ce mini masu karatu ba za su so ba, kasuwa za ta faɗi. Na ce masa mai yiwuwa ne, ni ma da kasuwar nake ci, amma ya gwada tukuna.

Wanda yake ganin na zalunci littafin nan, fili a buɗe yake, ya kawo mini shafin da Batman ya kama marar laifi, ni kuwa zan janye maganata a wannan zaure da hannuna.

Allah Ya sa mu dace, Ya kare mu daga zaluntar wani muna zaton gyara muke yi. Wassalam.

Naku, daga Auyo.